An Kafa Anten Amma Babu Rezo: Shin Mu Yi Karo-Karo?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na gundumar Keita, jihar Tawa. Shekara biyu ke nan da aka kafa mana ƙarfen anten, amma har yau sai mun hau tudu muke samun rezo. Yanzu wani ya zo yana cewa kowane gida ya ba da jaka biyu, zai je Yamai ya sa a kunna. Shin kamfanin wayar ya cinye kuɗin aikin ne? Mu biya?

Amsa: Malam, kada ku ba shi ko dala.

Ba zan ɗora wa kamfani laifi ban ga takardar kwangila ba, amma hanyoyin da kuɗin karkara ke salwanta sanannu ne: a karɓi tallafi a kafa ƙarfe ba tare da farantan hasken rana da batura ba, ko a sa tsohuwar na'urar 2G, wadda galibi ta kira da saƙo ce, alhali intanet aka yi alkawari.

Abin da ya fi damuna, wanda nake ji kullum, shi ne zaton cewa rezo alfarma ce da kamfani ke yi wa talaka, don haka sai an roƙa ko an ba da goro. Wannan kuskure ne mai tsada. Doka ta wajabta wa kamfanonin waya su zuba wani kaso na cinikinsu a asusun isar da sadarwa ga kowa, kuma cinikin nan daga kuɗin katin da kuke saye yake fitowa. Ban da wannan, a 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin haɗa ƙauyukan Nijar da sadarwa, wanda aka ɗora wa ANSI, hukumar gwamnati mai kula da fasahar sadarwar zamani, jagorancinsa. Kun riga kun biya. Mutumin da ya ce zai kunna anten da jaka bibbiyu ba shi da mabuɗin komai, kuma duk garin da ya yi karo-karo ya koya wa masu cin amana cewa ba zai taɓa tambayar inda kuɗin farko suka shiga ba.

Ku rubuta takardar koke, maigari da shugaban ƙaramar hukumarku su sa hannu, ku faɗi ranar da aka kafa ƙarfen da sunan kamfanin, ku aika wa ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, a Yamai, wadda ke da ikon cin tarar kamfanoni. Na san takarda kan daɗe a ofis, saboda haka ku riƙe kwafi mai hatimi, ku sake aikawa.