Amsa kan kuɗin baiko: tambaya ba rashin ladabi ba ce

Ƙanwata, kin ce ko rashin ladabi ne a tambayi monper, wato limamin cocin Katolika, ina kuɗin baiko da ake tarawa a coci ke zuwa. Ko kaɗan, dokar Ikilisiyar Katolika ta shekarar 1983 da kanta ta ba ki dama. Doka ta 537 ta ce dole kowace paruwas, wato jama'ar da monper ke kula da ita, ta samu kwamitin kuɗi mai taimakon monper, ta 1287 kuma ta ce a kai ma Monsenyer, wato bishop, lissafi duk shekara, jama'a ma a yi musu bayanin abin da suka bayar bisa tsarin diyosez, wato yankin da bishop ke jagoranta. Mu nan Damagaram ƙarƙashin diyosez na Maradi muke tun 2001, can ma akwai kwamiti na aƙalla mutum 3 da ekonom, wato mai kula da dukiya, da ake naɗawa na shekara 5.

Na daɗe cikin masu ƙirgar baiko, kuma abin da na gani yawanci ba sata ke kawo rigima ba, rashin rubutu ne. Mace ta zo da ordonans yaro ba lafiya, monper ya ji tausayi ya ɗebo jika biyar a kes, gobe a biya kuran da ruwa, jibi esans na moton katekis, ba resi ba komai, ƙarshen wata kuɗi ba su cika ba sai tsegumi ya tashi, a ɓata sunan bawan Allah a banza. Shi ya sa nake nacewa mutum biyu su ƙirga da an tashi mes, ba 'yan gida ɗaya ba, su rubuta a kaye su sa hannu, Litinin a kai banki a asusun paruwas, ba da sunan wani ba.

Wanda ya fi yi mini zafi shi ne kuɗin da aka tara don wani abu. In an ce na rufin egliz ne to na rufi ne, doka ta 1267 ta hana a karkata su. Mu da muka ga ƙone-ƙonen egliz na Janairun 2015 mun san zafin sake gini, mai taimako kuwa in bai ga lissafi ba ba ya ƙara aikowa.

Amma kar ki tare monper a bakin ƙofa gaban mutane. Ki samu wani ɗan kwamiti ki tambaye shi ranar da za a karanta lissafin shekara, ki kuma sani su shawara suke bayarwa, mai wakiltar paruwas monper ne. In kwamitin ma babu, ku haɗu ku roƙe shi ya kafa, in abin ya ƙi sai ku rubuta takarda zuwa Maradi da sunayenku a ƙasa.