Filin Amsa Tambayoyinku: Motar Jamus, Ta Japan Ko Ta Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da yayana mun daɗe muna gardama a kan mota. Shi ya kafe cewa babu mota sai ta Jamus, kuma Mercedes-Benz kaɗai yake hawa, ni kuwa na tsaya a kan Toyota saboda ba ta kai ni wurin bakanike sai don juyen baƙin mai. Wani amininmu kuma yana cewa wanda bai ji rurin injin motar Amurka ba bai san mota ba. Muna roƙon ka raba mana gardama: wace ƙasa ce ta fi iya ƙera mota?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, a gaishe mini da Yaya. Kafin a ce wannan ta fi waccan, ya kamata a duba aikin da aka nemi kowace mota ta yi a ƙasar da aka ƙera ta, domin yanayin hanya da tsadar mai da dokokin ƙasa su ne suke tsara halin mota tun kafin injiniya ya fara zane.

Yaya yana da hujja mai ƙarfi, domin a Jamus ne Karl Benz ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar motarsa mai aiki da fetur a shekarar 1886, kuma har yau akwai sassa masu yawa na manyan hanyoyin ƙasar, wato Autobahn, da ba a ƙayyade musu gudu ba, sai dai shawarar da hukuma ta bayar ta kilomita 130 a sa'a. Motar da za ta yi tafiya mai nisa tana gudun kilomita 200 a sa'a dole ne birkinta ya kama ba tare da ya yi zafi ya saki ba, dole ne ƙafafunta su riƙe ƙasa a kwana, kuma dole ne sitiyarinta ya tsaya a hannun direba ba ya rawa. Wannan ne ya sa wanda ya saba da BMW ko Audi ko Mercedes-Benz yake jin sauran motoci kamar ba su da nauyi. Amma irin wannan aiki yana zuwa da na'urori masu yawa da sassa da aka auna su daidai wa daida, kuma duk abin da aka ƙera haka ba ya jure sakaci.

Japan kuwa ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu ba ta da jari mai yawa, ba ta da man fetur nata na a zo a gani, hanyoyinta kuma matsattsu ne. Saboda haka kamfanin Toyota, wanda Kiichiro Toyoda ya kafa a 1937, ya mayar da hankali ga hana ɓarna da hana kuskure a masana'anta. A tsarin da injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya jagoranci ginawa, an rataye igiya a gefen layin haɗa motoci, kuma kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, yana da ikon jan ta idan ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba ko wata waya ba ta zauna daidai ba, sai shugaban sashe ya zo nan take, idan ba a gyara ba layin ya tsaya. A ganina wannan igiya ta fi kowace talla bayyana dalilin da ya sa motarka ba ta kwana a gareji. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, sai Amurkawa suka koma neman ƙananan motoci marasa shan mai irin su Honda Civic da Toyota Corolla, ita Corolla ɗin da ta fara fitowa a 1966 kuma an sayar da fiye da miliyan 50 nata zuwa 2021. A 1989 kuma Toyota ta fito da Lexus LS 400, ta shiga kasuwar motocin alfarma da Jamusawa suka daɗe suna riƙe da ita.

Amurka ƙasa ce mai faɗi, mai dogayen hanyoyi miƙaƙƙu, kuma ta daɗe tana da mai a araha idan aka kwatanta da Turai da Japan. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, ya mayar da mota abin da ma'aikaci zai iya saya. Daga baya babban inji mai silinda takwas ya zama alamar motar Amurka, shi ne rurin da amininku yake magana a kai, kuma a wajen jan kaya mai nauyi da wuya a ture manyan a-kori-kura irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado. Rauninsu shi ne shan mai.

In har sai na yanke hukunci, to ga mutumin da yake son mota ta kai shi aiki ta dawo da shi shekara da shekaru ba tare da ta cinye masa aljihu ba, ina tare da kai. Ga mai jin daɗin tuƙi a kansa, wanda kuma yake da halin kula da mota a kan kari, Yaya bai yi kuskure ba.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce mai aiki, ina son sayen motar Jamus ta hannu, amma kowa yana tsorata ni cewa da zarar ta tsufa sai ta zama ramin zuba kuɗi. Shin gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba dukkanta ba ce. Tsofaffin Mercedes-Benz samfurin W123, waɗanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1970, sun yi suna a duniya wajen ƙarko, har aka riƙa yin tasi da su a ƙasashe da dama. Abin da ya canja shi ne motocin baya-bayan nan sun cika da kwamfutoci da sansa, wasu a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin, wasu sassan da ruwan lagireto yake bi ta cikinsu kuma na roba ne da zafi yake busarwa har su tsage. Motar ta faɗi a farashi bayan shekaru goma, amma kayan gyaranta suna nan a kan farashin motar alfarma, kuma a nan ne masu saye da yawa suke shiga uku.

Idan kin tsaya a kan ra'ayinki, ki nemi takardun sabis na motar kafin ki dubi fentinta. Ki je da bakanike wanda ya ƙware a wannan samfurin, ya jona mata kwamfuta ya karanta abin da ta adana, domin ana iya kashe fitilar gargaɗi a dashbod alhali matsalar tana nan. Ki sa a tayar da ita da safe injin yana sanyi, ki saurari ƙararsa a daƙiƙun farko, ki dubi launin hayaƙin da yake fita daga salansa, sannan a buɗe murfin baƙin mai a duba ƙarƙashinsa ko akwai kumfa mai launin madara, wadda takan nuna ruwa yana haɗuwa da mai. Kada kuma ki kashe duk abin da kika tara a wajen saye, ki ware wani kaso na gyaran shekarar farko. Wannan binciken ya wajaba ko da motar Japan ce, domin wadda aka yi shekaru ana wasa da yi mata juyen baƙin mai ba za ta ji tausayinki saboda tambarinta ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mahaifina kamfani ɗaya ya bi duk rayuwarsa, ni ma na taso a kai. Yanzu wata motar ta wani kamfani ta kwanta mini a rai, amma ina jin kamar na ci amana, abokaina na ƙungiyar masu irin motarmu ma har sun fara yi mini tsiya. Me ya sa mutane suke riƙe kamfanin mota haka, kuma laifi ne in canja?

AMSA: Ƙanena, wannan jin da kake yi ba abin kunya ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Mota tana tafe da tunanin wanda ya koya maka tuƙi da tafiye-tafiyen da kuka yi tare, saboda haka son tambarin yakan haɗe da son mutanen. Kamfanonin ma sun san da haka tun da daɗewa. A shekarun 1920 Alfred Sloan, shugaban kamfanin General Motors na Amurka a lokacin, ya jera motocin kamfanin hawa-hawa, daga Chevrolet zuwa Pontiac da Oldsmobile da Buick har Cadillac, domin matashin da ya fara da ta ƙasa ya riƙa hawa sama yayin da samunsa yake ƙaruwa ba tare da ya bar gidan ba. Gasar tsere ma tana ƙara wa wutar mai, kamar yadda nasarar Ford a kan Ferrari a tseren Le Mans na Faransa a 1966 ta zama abin alfaharin masoyan kamfanin har yau, haka kuma hamayyar Mustang ta Ford da Camaro ta Chevrolet ta raba Amurkawa masu son mota gida biyu fiye da shekaru 50.

Riƙe kamfani ɗaya yana da amfani na zahiri da bai kamata a raina ba. Ka san halin injin, bakanikenka ya san shi, ka san sassan da suke saurin lalacewa, kuma 'yan ƙungiyarku suna ba ka shawarar da ba za ka samu a littafin mota ba. Inda nake jin tsoro shi ne inda Hausawa suka ce so hana ganin laifi, domin babu ƙasar da kamfanoninta ba su taɓa yin abin kunya ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ta sa wa motocinta na dizal manhajar da take gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi mai guba, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11. Jakunkunan iska na kariya da kamfanin Takata na Japan ya ƙera sun riƙa fashewa suna watsa ƙarfe a kan mutane, suka jawo kiranye na miliyoyin motoci domin a gyara su, kamfanin ya durƙushe a 2017. General Motors ita ma ta yi kiranye a 2014 saboda makunnin mota da yake kashe inji ana cikin tafiya, bayan an yi asarar rayuka. Mai son kamfani da gaskiya shi ne ya kamata ya fi kowa jin zafin irin wannan, ya kuma kai motarsa a gyara idan aka yi kiranye.

Sannan tambarin da yake gaban mota ba ya faɗin duk labarinta. Toyota Supra da ta fito a 2019 injin BMW ne a cikinta, kuma a birnin Graz na Ostiriya aka haɗa ta tare da BMW Z4. BMW X5 a jihar Karolina ta Kudu a Amurka ake ƙera ta, Honda ta fara ƙera Accord a Ohayo a 1982, Toyota kuma tana ƙera Camry a Kentaki. Giya mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus tana cikin BMW, tana kuma cikin Jeep da Ram. Daga 1984 zuwa 2010 General Motors da Toyota sun yi tarayya a masana'anta ɗaya a Kalifoniya, wadda daga baya ta koma hannun Tesla. Idan su kansu kamfanonin suna sayen kayan juna a duk inda suka ga ya fi, ban ga dalilin da za a kira ka maci amana don ka yi haka da kuɗinka ba.

Ka je ka gwada motar da ta kwanta maka a rai, ka yi tafiya mai ɗan nisa da ita a hanya mai kyau da marar kyau, ka binciki samfurin da shekarar da aka ƙera ta da irin injin da giyar da suke cikinta, domin a kamfani ɗaya ana samun shekarar da ta yi kyau da wadda ta zo da matsala. Ka kuma tambayi waɗanda suka riƙe irinta shekaru biyar ko fiye abin da suka fi canjawa a jikinta, ka tabbatar akwai bakaniken da ya san ta da kayan gyaranta a kusa da kai kafin ka biya kuɗi.