Amsar tambayarka a kan Amiga 1200 da dogon akwati

Yarona, jiya da muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa kwamfutar nan Amiga 1200 da Alhaji ya kawo ta yi mako guda a kan tebur ban ɗaure ta cikin dogon akwatin da ya saya ba, alhali kai kana haɗa kwamfutar ofis cikin awa ɗaya. Tambayarka tana kan hanya, shi ya sa na ga gara in ba ka amsar a rubuce.

Kamfanin Commodore ya fito da wannan na'ura a shekarar 1992, ya kuma durƙushe a 1994, tsarin ATX kuwa, wanda akwatunan yau suke bi, sai a 1995 Intel ya fito da shi. Saboda haka ramukan da ke jikin babban allonta, wato faifan da duk kayan lantarkinta suke liƙe a kai, ba za su taɓa yin daidai da ƙafafun da ke cikin akwatin ba. Wanda bai san darajarta ba zai ɗauki abin huji ya huda allon. Mu ba ma yin haka, domin akwati ana samun dubunsa a kasuwa, allon nan kuwa idan layi ɗaya ya tsinke a jikinsa, babu inda za ka je a Kaduna ka sayo wani. Akwatin ne za a gyara ya karɓi allon. Za mu kwantar da allon a kan kwali, mu zana kowane rami da fensir, a yanko mana farantin alminiyam daidai da zanen, mu ɗaure allon a kan farantin da ƙafafun roba domin kada bayansa ya taɓa ƙarfe, sa'an nan mu ɗaure farantin a jikin akwatin.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne wuta. Amiga tana buƙatar bolt 5, da bolt 12, da kuma bolt 12 na ƙasa da sifili, kuma akwatin wutar ATX yana ba da duka ukun: jar waya ita ce 5, mai ruwan ɗorawa 12, shuɗiya ta ƙasa da sifili, baƙa kuwa ita ce ƙasa, wato sifilin da ake auna sauran da shi. Ba zai tashi ba sai an haɗa koriyar waya da baƙa, kuma a nan za mu sa makunni irin wanda yake zama a kunne idan an danna shi. Kada ka raina shuɗiyar wayar. Idan ka bar ta, sauti zai fito a gurɓace. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: launin waya a ɓangaren tsohuwar igiyar Amiga ba abin dogaro ba ne, dole ka bi kowane baki da mita kafin ka liƙa dalma. Ina ƙaramin yaro a wajen maigidana na taɓa musanya 5 da 12 a wata na'ura, ƙiftawar ido ɗaya ta yi wari ta mutu, kuma har yau ina jin nauyin ranar da mai ita ya zo karɓa. Za mu kuma sa fis a kan layin bolt 5, domin tsohon akwatin wutarta kusan amfiya 3 yake bayarwa, sabon kuwa yana iya tura ninkin-ba-ninkin haka, ya ƙone layukan allon kafin ya kashe kansa.

Kafin duk wannan, ka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba ƙananan kafasitocin nan masu kamar gwangwanin azurfa. Ruwan cikinsu yana tsiyaya idan sun tsufa, yana cin tagulla a hankali. Na ga biyu kusa da mafitar sauti da dalmar ƙafafunsu ta dushe ta yi toka-toka, kuma da na kai ƙarfen dalma wurin sai na ji ƙarni kamar na kifi. Duka za mu canja su, mu wanke wurin.

Allon rubutu yana buƙatar adafta tun da nata a manne yake da tsohon gidan, haka ma ramin PCMCIA da ke gefen hagu, inda ake soka katin ƙari, wanda ƙananan alluransa suke lanƙwashewa da ɗan kuskure kaɗan. Katin ƙarin gudu da ke shiga ta ƙasa zai rataya idan babban allon ya tsaya a tsaye, don haka za mu tokare shi, mu sa fanka ta riƙa hura masa iska.

Yanzu hunturu ya shigo, iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar da kake ji tana tsikararka idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan kaɗai ya isa ya kashe guntun lantarki na jikin allon da ba a ƙera irinsa kuma. Ka ɗaura igiyar hannu duk lokacin da za ka taɓa allon, kuma kada ka goge ƙurarsa da tsumma.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka ɗauki kwalin ka tafi Panteka a yanko farantin, ka tsaya a kansu har su huda ramukan a gabanka. Idan ka dawo, ka wanke tsohon gidan nata, ka naɗe shi a leda tare da kusoshinsa, domin za mu mayar wa Alhaji da shi ko wata rana zai so a komar da ita yadda take.