Ga mai tsohuwar Land Rover da sitiyarinta ke wasa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka gaji Land Rover a-kori-kura ta mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, an riga an sa mata injin Toyota da fawa sitiyari. Yanzu sitiyarin na wasa, ka sayo kan tayarod, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba, a Sabon Gari ya ƙi shiga, makanike kuma ya ce a yi walda a wuce wurin.

Waldar nan a bar ta, don Allah. Ƙarfen sitiyari in ya sha wuta yakan karye ba tare da ya yi gargaɗi ba, kuma a kan titi da gudu yake yi, ba a gareji ba.

Ka tafi kasuwa da sunan mota, alhali motar ta daina zama abin da takarda ta ce. Irin waɗannan motoci sun sha wucewa ta hannuna, kuma kusan kowace da irin haɗinta. In taka Series III ce, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, asalin tsarinta sanduna uku ne da boljoyin shida, wato gaɓoɓin da ke kawunan sandunan, sai wani ƙarfe mai juyawa da ke zaune cikin shasi ta gaba, yana miƙa motsi daga akwatin sitiyari zuwa taya. Masu sa fawa sitiyari yawanci cire ƙarfen nan mai juyawa suke yi, su ɗaure akwatin wata motar a jikin shasi. Daga nan sandar da ta taso daga akwatin sai ta zama ruwa biyu: kai ɗaya na Japan, ɗaya na Ingila. Zaren Ingila na inci ne, na Japan na milimita. A ido kamar ɗaya, amma zagaye biyu zai yi ya cije. Ga kuma zaren hagu da na dama, domin kowace sanda kawunanta biyu ba hannu ɗaya suke ɗauruwa ba.

Kafin ka sake kashe ko sisi, ka gano inda wasan yake. Mota na ƙasa a kan tayoyinta, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, kai kuma ka kwanta ka dafa kowane boljoyin. Wanda ya mutu za ka ji yana ƙwas-ƙwas a tafin hannunka tun kafin ido ya gani. Ka haska wurin da aka ɗaure akwatin ma. Fawa sitiyari ya fi ƙarfin abin da aka yi shasin dominsa, sau da yawa can ne ke tsagewa, ana ta zargin tayarod a banza. Sannan ka ɗaga da jak, ka riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza. In an taka birki wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, bushin ƙwallon gatarin ne ya cinye.

Abin da ya lalace, kwance shi ka tafi da shi a hannu. Ka ƙirga zagayen da ya yi wajen fita, ka goge jikin akwatin da fetur ka ɗauki hoton lambar da ke kai. In Sabon Gari ba su da shi, akwai Panteka a Kaduna, akwai Ƙofar Ruwa a Kano. Ni dai na fi yarda da sabon boljoyin mai kyau a kan na Beljiyam, don ba ka san wahalar da ya sha ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne tsinin boljoyin da ke shiga ramin da ake ɗaure shi. Zare zai iya dacewa, tsinin ya saɓa. Ka shafa masa alli, ka zura, ka murza, ka zaro. In allin ya goge daga sama har ƙasa, ya zauna. In zobe ɗaya kawai ya goge, mayar musu, ko da noti ya ɗauru tam, domin nan gaba zai rarake ramin.

Noti a sa masa fin ɗinsa, ba ƙusa ba. Sukurin kan akwatin kuma kada a matse shi don a ɓoye wasa, sitiyari zai daina dawowa bayan an sha kwana. In an gama a kai ta a daidaita tayoyin gaba, ka gwada ta a hankali cikin unguwa kafin ka hau titin Kano da ita.