Kuɗin wuta da na inshora sun yi min yawa: in bari a ja min layi ta bayan mita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano. Tun da aka sa unguwarmu a rukunin Band A, katin naira 20,000 ba ya kai min mako guda. Ga shi kamfanin inshora ya ƙara kuɗin sabunta inshorar gobarar gidana. Mai gyaran wutarmu ya ce zai cire AC biyu da hitar banɗaki daga kan mita ya ja musu layi na daban, wai kowa haka yake yi kuma ba wata illa. Wallahi na matsu. In yarda, ko in bar inshorar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo sauƙi. Matsin da kake ji ba kai kaɗai ba ne. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit na Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya ɗan sauko kusa da 209. Idan ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, yunit ɗaya ya koma wajen naira 225, wato dubu ashirin ɗinka yunit 89 ne kacal. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda ba inbata ba (wato ba irin mai rage shan wuta ba), tana shan yunit 6 zuwa 8 a dare guda. Kana da biyu. Ka ga ashe mitar ba ƙarya take yi maka ba.

Amma maganar jan layi ta bayan mita, kada ka yarda, ko da kyauta zai yi maka. Wannan magana ta "ba wata illa" ita ce ƙaryar da ta fi kowace yawo a bakin 'yan dagaji, kuma na gaji da jin ta. Wutar da ke shigowa gida tana bi ta fis ɗin kamfani, ta shiga mita, ta isa akwatin rarraba wuta inda kowane layi yake da birekarsa. Aikin fis da bireka ɗaya ne: su yanke wuta kafin waya ta yi zafin da za ta kama. Mai baifas, wato mai jan layi ta bayan mita, yana ɗebo wutar ne tun kafin ta kai waɗannan, sau da yawa a cikin silin ko bayan allon mita inda ba za a gani ba. Wannan guntun layin ba abin da ke tsaronsa sai fis ɗin taransifomar unguwa, wanda aka yi domin lodin gidaje masu yawa. Kafin ya ƙone, wayarka ta riga ta zama garwashi.

Duba lodin da zai ɗora. Kowace AC tana jan amfiya 5 zuwa 6 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), kuma lokacin da kwamfaresa, wato injin sanyinta, ke tashi tana jan ninkin haka sau da dama. Hita mai wat 1,500 tana jan kusan amfiya 6 da rabi. An kusa 20 ke nan kafin wani a gidan ya ce ai a ƙara famfon bohol ko dutsen guga tunda "kyauta ce", kuma ƙarawa ake yi. Waya mai milimita 2.5, ko ta ƙwarai ce, a nan ƙarfinta yake ƙarewa, balle jabun da ta cika kasuwa wadda cikinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, kwamfaresa ƙara jan amfiya yake yi, waya ta ƙara zafi.

Mafi muni shi ne mahaɗar. Wayar da ta sauko daga falwaya yawanci alminiyam ce, ta cikin gida jan ƙarfe. Idan aka murɗe su tare aka naɗe da salatif, mahaɗar tana cin tsatsa, ta saki, ta fara zafi da tartsatsi kaɗan-kaɗan. Ba ranar da aka yi aikin take kamawa ba. Wata shida ko shekara za ta yi lafiya lau, shi ya sa mai gyaran yake bugun ƙirji yana cewa ya yi wa gida kaza bai ga komai ba. Sai wani dare na hunturu, katakon silin ya bushe ƙayau, hita na kunne, iyali na barci. Akwai kuma haɗarin da ba a faɗa: ka kashe babban makunnin gida kana zaton wuta ta mutu, alhali wancan layin da ransa. Duk wanda ya taɓa shi yana gyara, ya tafi.

Ga inda abin ya haɗu da inshorarka. Idan gobara ta tashi, kamfani zai turo mai tantance asara, kuma abin da zai fara nema shi ne inda wutar ta faro. Narkakkiyar mahaɗar da aka yi kafin wuta ta shiga mita ba ta ɓuya. Haɗin wuta ba bisa ƙa'ida ba, wanda ka sani ka ɓoye, hujja ce da za su riƙe su ƙi biyanka ko sisi, duk da shekarun da ka yi kana zuba kuɗi. Tun kafin nan ma, idan ma'aikatan wuta suka kama ka, umarnin NERC na 2025 ya sa tarar naira 100,000 ga mita mai layi ɗaya a karon farko, 200,000 ga mai layi uku, ban da kuɗin wutar da za a ƙiyasta ka sha, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi ɗauri. Mai gyaran ya karɓi ladansa ya tafi, sunanka ne a kan mita. Kuma mu ji tsoron Allah: wutar da ba ka biya ba haƙƙin wasu ce, ita ce ke cika wa taransifoma lodi ta ƙone, unguwa ta kwana wata biyu a duhu ana bi gida-gida ana tara kuɗi.

To me za ka yi? Fara da kashe komai na gidan, ka tsaya gaban mita. Idan jar fitilar nan ta jikin mitar tana ci gaba da ƙiftawa, ko wuta na zurara ta wata lalatacciyar waya, ko wani ya jona da layinka. Daga nan ka riƙa rubuta yunit ɗin da ya rage safe da yamma har mako guda, za ka ga sa'o'in da kuɗinka ke tafiya. Ƙwan fitila da cajin waya ba su ne matsalarka ba. Duk abin da ke kawo zafi ko sanyi shi ne. Sa AC a kan digiri 25 ko 26 tare da fanka maimakon 16, ka wanke ragarta duk mako biyu, ka toshe ƙasan ƙofa, ka saita ta ta kashe kanta bayan awa uku ko huɗu. Fanka wat 70 zuwa 75 take ci, ba ta kai yunit ɗaya a dare. Hita a kunna ta minti 20 zuwa 30 kafin wanka a kashe, girki da dafa ruwa a mayar kan gas. Tsohuwar firiza ta gwanjo mai sakakken roba a ƙofa tana iya shan yunit 2 zuwa 3 kullum. Duba rasit ɗin katinka ma, ko ana cire maka tsohon bashi. Sannan Band A alkawari ne na awa 20 a rana. Idan ba ku samu, ku rubuta sa'o'in, ku kai koke a rubuce ga kamfanin, in bai warware ba ku wuce ofishin sauraron koke na NERC.

Inshora kuwa kada ka bar ta. Ta tashi ne domin siminti da rodi da kwano sun tashi. Abin da za ka duba shi ne ko an lissafa har da kuɗin fili, alhali fili ba ya ƙonewa, kuɗin sake gini kawai ake sawa. Nemi farashi daga kamfanoni uku masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora, har da na takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor, ka kuma tambaya nawa za a rage maka idan ka yarda ka ɗauki kaso mafi girma na farkon asara. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne rage darajar gidan a takarda. Idan sake gina shi zai ci miliyan 40 ka rubuta 20, gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 za su ba ka. Kuma ka biya kafin ranar da tsohuwar takardar za ta ƙare, domin a dokar Najeriya inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta aiki.