Me ya sa Excel ke rubuta mini #NOM? wajen lissafin TVA?

Malam, ka ce ka kwafo wani tsarin lissafi daga intanet don rasitan shagonka na Babbar Kasuwar Yamai, amma ya ƙi aiki. Kwamfutarka lafiyarta lau. Excel ɗin da ke hannun yawancinmu na Faransanci ne, bai san umarnin Turanci irin IF ko ROUND ba, SI da ARRONDI ya sani; in ya ga sunan da bai sani ba sai ya rubuta #NOM?. Kuma tsakanin sassan lissafi alamar « ; » ake sawa, ba waƙafi ba, don waƙafi aikinsa raba ɓangaren lamba, kamar 0,19.

TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a Nijar kashi 19 cikin ɗari ce. In kuɗin kaya na cikin gidan B2 na teburin Excel, rubuta =ARRONDI(B2*0,19;0). Sifilin ƙarshen nan kada ka raina shi, shi ke sa a sami cikakkiyar lamba ba ɓurɓushi bayan waƙafi. Sefa ba ta da santim a kasuwa, kuma in ka ɓoye ɓurɓushin lambobi da gyaran kamanni kawai, suna nan a ƙasa, sai jimillar SOMME, umarnin tara lambobi, ta saɓa da rasitai da sefa ɗaya ko biyu, akanta ya yi ta neman ɓarawo.

Ragi ga mai sayen sari kuwa: =SI(B2>=100000;B2*0,05;0), wato in kuɗin ya kai 100000 ragin kashi 5 cikin ɗari ne, in bai kai ba babu ragi. Ni dai na fi son a ajiye 0,19 a gida guda, a kulle sunan gidan da alamar $ cikin lissafin, ranar da haraji ya canza wuri ɗaya za ka taɓa.