Zauren Wasanni: Gasar Ƙwallon Kwandon Da Ke Hana Amurkawa Barci a Watan Maris

Masu karatu, barkanmu da war haka. Saƙonnin wannan karon yawancinsu wuri ɗaya suka nufa, wato gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Masu tambaya a kan cinikin 'yan wasan Firimiya ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan kallo a wani ƙauye da ke hanyar Gumel zuwa Maigatari. Wasu samari da suka dawo hutu sun dame ni sai na kamo musu ƙwallon kwandon ɗaliban Amurka. Na kamo, na ga zaure cike maƙil, manya da furfura suna ihu, wasu har da kuka. Wasan 'yan makaranta ne fa. Me ya yi zafi haka?
Mai gidan kallo, daga ƙasar Gumel

AMSA: Alhaji, abin da ka kamo shi ne gasar da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, take shiryawa duk shekara daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu. Can suna ce mata March Madness, wato haukan watan Maris. An fara ta a 1939 da ƙungiya 8 kacal, jami'ar Oregon ta ɗauki kofin farko. A 1985 aka mayar da su 64, a 2011 aka kai 68. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 350, to ka ga samun gurbin ma abin a yi walima ne. Kusan rabin guraben na waɗanda suka ci kofin yankinsu ne, ragowar kuwa wani kwamiti ne yake zama ya zaɓa, ya kuma raba kowa gida huɗu, a kowane gida a ba su lamba daga 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfinsu. Rarar da ke kan 64 kuwa wasannin share fage ne ke tace su. Mai lamba 1 zai fara da mai lamba 16, mai 2 da mai 15, haka har a haɗe a tsakiya.

Zafin da kake tambaya yana cikin tsarin. Sili ɗaya ƙwale ne tun daga ranar farko. Babu gida da waje, babu a dawo a rama. Irin kokawar dandali ce bayan kaka: ko kai ne sarkin kokawar gundumarku, in bayanka ya taɓa ƙasa sau ɗaya shi ke nan, makaɗa sun koma wa wani. Yaron da ka ga yana kuka, wataƙila shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta, kuma yawancinsu ba za su taɓa shiga gasar ƙwararru ta NBA ba. Minti 40 ɗin nan su ne ƙarshen abin da ya taso yana yi tun yana ɗan firamare.

Su kuma masu furfurar, ka sani akwai jihohi irin Kentucky da Kansas da ba su da ƙungiyar NBA ko ɗaya. Ƙungiyar jami'a ita ce ta gari, ita ce ta kaka da jika. Zauren da jami'ar Kentucky ke wasa a birnin Lexington yana ɗaukar mutum sama da 20,000. A jami'ar Duke ɗalibai tanti suke kafawa su kwana a waje cikin sanyi na makonni, don kawai su sami wurin tsayuwa ranar karawa da maƙwabciyarsu North Carolina. Wanda ya ci kofi kuwa tsani ake kawo masa, 'yan wasa su hau ɗaya bayan ɗaya da almakashi suna yankar ragar kwando, kowa ya tafi da guntunsa gida.

Ga shawarar kasuwa, tunda ba ka tambaya ba amma na san za ta yi maka amfani. Zagayen farko Alhamis da Juma'a ake yin sa, wasa 16 kowace rana, kuma na farko yana somawa wajen ƙarfe 5 na yamma agogonmu. Waɗannan ranakun su ne masu daɗi. Wasan ƙarshe kuwa sai wajen ƙarfe 2 na dare, ban ga dalilin ƙona man janareta ba saboda mutum uku masu gyangyaɗi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na ga an ce wata ƙaramar makaranta ta fitar da ta ɗaya a duk ƙasar. Ni dai ban yarda ba. Ba sayar da wasan aka yi ba kuwa?
Ɗalibin aji 6 na sakandare, daga Kibiya

AMSA: Ɗana, ba kowace faɗuwar babba ce ciniki ba. Tun daga 1985 masu lamba 1 sun ci masu lamba 16 sau 135 a jere. Ranar 16 ga Maris, 2018, wata jami'a da ke jihar Maryland mai suna UMBC, mai lamba 16, ta haɗu da Virginia, wadda kwamiti ya ɗora a kan kowa a shekarar. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21. Da aka dawo sai ƙaramar ta ɓalle, aka tashi 74 da 54. Wanda ya sayar da wasa ba ya yarda a yi masa tazarar maki 20 a gaban duniya, yakan bari ne a sha da ƙyar. Sannan Virginia ɗin nan, da kocinta Tony Bennett da yawancin yaran da aka yi wa dariya, ita ta ɗauki kofin a 2019.

Na 2023 ya fi ba ni mamaki. Jami'ar Fairleigh Dickinson, mai lamba 16, ita ce mafi gajartar 'yan wasa a duk babban rukuni. Ba ta ma ci kofin yankinta ba, wadda ta doke ta a wasan ƙarshe ce ƙa'ida ba ta ba ta damar shiga ba tukuna, sai gurbin ya faɗo mata. Aka haɗa ta da Purdue mai lamba 1, mai wani zabgegen ɗan wasa Zach Edey, ƙafa 7 da inci 4. Gajerun nan suka yi ta zagaye shi da gudu, suka bar sauran 'yan Purdue su yi jifa daga nesa, jifa kuwa ya ƙi shiga. Aka tashi 63 da 58. Ɗan hakin da ka raina.

Da nake koyar da motsa jiki a wata sakandaren kwana a nan Jigawa, filinmu siminti ne da ya tsattsage, kwando ɗaya ma ya karkace. A nan na fahimci abin da yake kawo irin wannan. Na farko, wasan gajere ne. Minti 40 ne, ba 48 irin na NBA ba, kuma a NBA sai ka ci abokin karawarka sau 4 cikin 7 kafin ka wuce, mai ƙarfi yana da lokacin farfaɗowa. A nan babu. Sai jifan nesa mai maki 3: yaro ɗaya in hannunsa ya faɗa daidai a daren nan, zai iya zuba biyar ko shida, lissafi ya rikice. Laifi 5 ne ke fitar da ɗan wasa, to in gwarzon babbar ƙungiya ya yi biyu da wuri, koci zai zaunar da shi a benci yana kallo. Ga kuma shekaru. Manyan jami'o'i sukan cika da haziƙai 'yan 18 da 19 masu jiran tafiya NBA, ƙananan kuwa da 'yan 22 da suka daɗe tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko bai duba ba. Abin da ya fi duka a ganina shi ne tsoro. Ƙaramin ba shi da abin asara. Babban kuwa da zarar saura minti 5 ana kunnen doki, hannu ya fara rawa, kuma duk 'yan kallon da ba ruwansu sun koma bayan ƙaramin.

Mu 'yan Kano ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci 3 da nema, Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Wasa ɗaya haka yake.

Amma kada labarin ya ruɗe ka. UMBC wasa na gaba aka fitar da ita, haka ma Fairleigh Dickinson. Saint Peter's mai lamba 15 ta yi abin a zo a gani a 2022, ta kayar da Kentucky da Murray State da Purdue, sannan North Carolina ta tare ta a zagayen 'yan 8. Kofi sai an ci wasa 6 a jere. Mafi ƙanƙantar lamba da ta taɓa ɗaukarsa ita ce 8, Villanova a 1985, kuma sai da ta jefa 22 cikin jifa 28 kafin ta doke Georgetown da ƙyar da 66 da 64. Fiye da rabin kofunan tun daga shekarar masu lamba 1 ne suka kwashe.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya cike wani jadawali a waya, wai ya yi hasashen wanda zai ci kowane wasa, in ya dace zai zama miloniya. Har yana neman in ranta masa kuɗin data da na shiga. Abin nan gaskiya ne? Kuma ba caca ba ce?
Malamar firamare, daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure

AMSA: Malama, riƙe kuɗinki.

Jadawalin gaskiya ne, miliyoyin Amurkawa suna cike shi duk shekara, a ofis da makaranta da cikin dangi. Barack Obama ma yana shugaban ƙasa yakan cike nasa a gaban kyamarar tashar wasanni ta ESPN, a 2009 ya zaɓi North Carolina kuma ita ta ci. Sai dai wasa 63 ne za ka faɗi sakamakonsu tun kafin a taɓa ƙwallo. In da ka ake yi, hanyoyin cike takardar sun kai 9,223,372,036,854,775,808. Na zauna na raba: da mutanen duniya biliyan 8 za su bar noma da kiwo da barci, kowa yana cike takarda ɗaya daban a kowace daƙiƙa, sai sun haura shekara 36 kafin su gama. Wanda ya san wasan sosai yana rage nisan, amma ƙiyasin da NCAA kanta take kawowa shi ne kusan 1 cikin biliyan 120. A 2014 attajirin nan Warren Buffett ya tsaya wa wata gasa da ta sa dala biliyan 1 ga duk wanda ya dace duka. Ba a gama zagayen farko ba kowa ya faɗi. Mafi nisan da aka tabbatar shi ne na wani mutumin jihar Ohio a 2019, da ya dace a wasa 49 a jere, na 50 ya kayar da shi.

Abin da ya sa ba ya kamuwa shi ne shekarun ba sa kama da juna. A 2023 babu mai lamba 1 ko ɗaya da ya kai zagayen 'yan 8. A 2025 duka huɗun suka kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da sau ɗaya aka taɓa gani kafin nan, a 2008. Wanda ya ɗauki darasin 2023 ya cika takardarsa da ƙananan makarantu, 2025 ta wanke shi tas.

Batun caca kuwa ba ya buƙatar dogon wa'azi. Duk inda aka ce kowa ya zuba kuɗi, wanda ya dace ya kwashe na sauran, sunanta caca, ko a waya take ko a bayan tasha, kuma kin san hukuncinta. A Amurka ma tun da kotun ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar cacar wasanni a 2018, tallanta ya cika ko'ina. In nishaɗi ƙanenki yake so, ya zana jadawalin a takarda, abokansa su zana nasu, a manna a bangon shagon mai caji, wanda ya zo na ƙarshe a yi masa tsiya har damina. Ki gaya masa ya bar masu lamba 1 su wuce zagayen farko, ya zaɓi mai lamba 12 ɗaya ya kayar da mai 5, don wannan yana faruwa kusan sau ɗaya cikin uku, sannan ya ba babba kofi.

TAMBAYA: Jikana ya yi tsawo har yana sunkuyawa a ƙofar zaure, an ce in kai shi ƙwallon kwando. Akwai namu a cikin wannan gasa kuwa, ko ta Turawa ce zalla?
Wani dattijo, daga Jahun

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai namu, har da waɗanda suka fi kowa. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu kafin ya koma kwando yana saurayi. Ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe a 1983 da 1984, duka biyun kofin ya kuɓuce. Na 1983 ma yana cikin manyan ba-zata na tarihi, North Carolina State ta danna ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe aka tashi 54 da 52, amma duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. A 1984 shi aka fara ɗauka zuwa NBA, Michael Jordan na uku. Na kusa kuma shi ne Adama Sanogo, ɗan Bamako ta Mali, wanda ya ci kofin 2023 da jami'ar Connecticut, ya zama gwarzo, alhali watan Ramadan ne kuma bai ajiye azuminsa ba.

In jika mace ce da kai mai tsawo, ita ma akwai tasu gasar. Wasan ƙarshe na mata a 2024, South Carolina da Iowa, ya fi na maza yawan masu kallo.

Tsawo dai shi ne ake fara dubawa, amma ba a ɗaukar yaro jami'a sai da takardun sakandare masu kyau, don haka kada a cire shi daga aji saboda ƙwallo. In an yi hutu a sa wani babba ya raka shi Kano, zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya ga yadda ake atisaye, masu horarwa su gwada ƙafarsa da hannunsa. Duk wanda ya zo gida ya ce a sayar da sa ko gona a ba shi kuɗi zai samo wa yaro gurbi a Amurka, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi bakin hanya.